Ƙarfen da Ke Lanƙwasa DNA: Tarihin Maganin Sisfilatin

Idan ka taɓa jinyar mai ciwon daji a babban asibiti, wataƙila ka lura da wani abu a ranar da za a yi masa kemo. Tun da safe ake rataya masa ledojin ƙarin ruwa, wannan na ƙarewa a sa wata, ana ta tambaya ko yana fitsari sosai, alhali maganin da aka zo dominsa ɗan kaɗan ne a cikin kwalba. Idan ka duba jikin kwalbar ka ga an rubuta cisplatin, to abin da ke shiga jijiyar ɗan'uwanka ƙarfe ne. Kusan kashi 65 cikin ɗari na nauyin maganin filatinam ne, farin ƙarfen nan mai tsada da ake ƙera zobe da shi, wanda mafi yawansa daga ma'adinan Afirka ta Kudu ake haƙo shi. A nan za mu riƙa rubuta sunan maganin da sisfilatin.

Dole ka yi mamaki, don mu abin da muka sani game da ƙarfe mai nauyi a jikin mutum shi ne guba. Ba mu manta da gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Likitocin daji na shekarun 1960 ma irin wannan kallon suke yi wa ƙarafa masu nauyi. To yaya aka yi wannan ya zama ɗaya daga cikin magungunan daji da aka fi amfani da su a duniya? Amsar tana cikin yadda yake kama DNA. Sai dai an yi shekaru ana warkar da mutane da shi kafin a ga kamun da ido, saboda haka bari mu bi labarin yadda ya zo.

Kayan miya ɗaya, miya biyu

A 1844 wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Michele Peyrone, yana aiki a birnin Giessen na Jamus, ya haɗa wata hoda mai ruwan ɗorawa. Kayan cikinta ba yawa: atam ɗaya na filatinam, kulorin biyu, amoniya biyu. Ba wanda ya kawo batun magani a ransa. Aka sa mata suna gishirin Peyrone, shi ke nan. Abin da ya dami masana shi ne akwai wata hodar da Bafaranshe Jules Reiset ya haɗa a wannan zamanin, kayan haɗinta sak na Peyrone, ba ragi ba ƙari, amma halinta daban. Narkewarsu a ruwa ba ɗaya ba, yadda suke mu'amala da sauran sinadarai ma ba ɗaya ba.

Sai a 1893 aka warware ƙullin. Alfred Werner, matashi ɗan shekara 26 a birnin Zurik na Suwizalan, ya ce a daina kallon waɗannan sinadarai kamar sarƙa mai ɗaure da juna a jere. Ƙarfen yana tsakiya ne, sauran suna kewaye da shi, kowa da mazauninsa. Ka ɗauki tabarma mai kusurwa huɗu, sarki na zaune a tsakiya, fadawa huɗu a kusurwoyin, biyu da jan rawani, biyu da fari. Masu jan rawani su ne kulorin, masu fari amoniya. Zama iri biyu ne kawai zai yiwu: ko masu jan rawani su zauna kusa da juna a gefe ɗaya, ko su zauna a kusurwoyin da ke kallon juna, sarki a tsakaninsu. Zaman farko shi ake kira sis, na biyu tirans, kalmomin Latin ne masu nufin "wannan gefen" da "ƙetare". Gishirin Peyrone shi ne sis, na Reiset tirans. Wannan tunani ya sa Werner ya samu kyautar Nobel a 1913.

Irin wannan haɗin, ƙarfe a tsakiya da 'yan rakiya kewaye da shi, shi za mu riƙa kira haɗin ƙarfe. Ba baƙo ba ne a jikinka. Jan launin jininka daga baƙin ƙarfe ne da ke zaune a tsakiyar wani zobe mai naitirojin huɗu, bitamin B12 kuma kobal ne a cibiyarsa.

Bayan Werner, gishirin Peyrone ya koma misalin da ake koya wa ɗalibai a aji. Haka ya zauna shekara saba'in.

Bakteriyar da ta koma taliya

Barnett Rosenberg ba likita ba ne, ba kuma masanin sinadarai ba. Fiziks ya karanta. A 1961 ya koma Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka, sashen da ke nazarin halittu da idon fiziks. Wani hoto ne ya tsaya masa a rai. Idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, wasu siraran zarurruka kan miƙo daga ƙarshenta biyu su haɗu a tsakiya, su ja kayan gado, kowane rabi zuwa gefensa. Siffar zarurrukan ta yi masa kama da layukan da ɓarɓashin ƙarfe ke yi idan ka barbaɗa shi a kan takarda ka sa maganaɗisu a ƙarƙashi. Sai ya ce, anya kuwa ƙarfin lantarki ba shi da hannu a rabuwar ƙwayar halitta?

Ya shirya mazubi da ruwan abincin da ake kiwon bakteriya, ya tsoma sanduna biyu da za su kai wuta ciki. Sandunan na filatinam ne, kuma ya zaɓe shi ne don kowa ya yarda ƙarfe ne da ba ya tsatsa, ba ya narkewa, ba ruwansa da kowa. Bakteriyar E. coli ta cikin hanji aka fara sawa don a ga ko na'urar tana aiki. Abin dariyar ma, bakteriya ba ta da waɗancan zarurrukan da suka jawo gwajin tun farko.

Aka kunna wuta. Da Loretta Van Camp, ma'aikaciyar ɗakin gwajin, ta duba a madubin ƙara girma, sai ta ga abin da ba a saba gani ba. Bakteriyar da ya kamata ta kasance guntu-guntu kamar ƙwayar shinkafa ta koma dogayen zarurruka kamar taliya, wasu sun ninka tsawonsu har sau 300. Ba mutuwa suka yi ba fa. Suna ci, suna girma, rabuwa ce ta gagara. Idan aka kashe wutar, bayan wasu sa'o'i sai su ci gaba da rabuwa.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin sa'a, kuma akwai sa'a a ciki. Amma a ganinmu inda Rosenberg ya cancanci yabo shi ne abin da ya yi bayan nan. Sakamakon ya zo daidai da abin da yake fata, da wani ne da tuni ya garzaya ya buga cewa lantarki na hana ƙwaya rabuwa. Shi da mutanensa suka zauna neman abin da zai ƙaryata su, kuma suka same shi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ba wutar ce ke aikin kai tsaye ba, wani abu ne da take haifarwa a cikin ruwan. Ashe sandar da aka ce ba ruwanta da kowa tana ɗan narkewa, kaɗan ƙwarai, filatinam ɗin kuma yana haɗuwa da kulorin da amoniya da ke cikin abincin bakteriyar. A 1965 Rosenberg da Van Camp da Thomas Krigas, wanda ya riƙe ɓangaren sinadarai na aikin, suka buga rahoton a mujallar Nature.

An ƙara ɗaukar lokaci kafin a tantance ainihin sinadarin, har aka gano haske ma yana da hannu wajen samuwarsa. Wanda ke fitowa a mazubin ɗan'uwan gishirin Peyrone ne, mai kulorin huɗu. Da suka haɗa 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa, har da mai kulorin biyu na Peyrone, sai abu ɗaya ya fito fili: masu zaman sis suna mai da bakteriya taliya, masu zaman tirans ba sa yi. Tabarmar Werner ta dawo.

Daga nan tunanin bai da nisa. Ciwon daji ai rabuwar ƙwayar halitta ce da ta ƙi tsayawa. A 1968 suka gwada a kan ɓerayen da aka dasa wa ƙari, ƙarin ya motse, a wasu ɓerayen ma ya ɓace gaba ɗaya ko da ya riga ya girma. Cibiyar Binciken Daji ta Ƙasar Amurka ta gwada a kan ɓeraye masu dajin jini, ta ga yana aiki. Rahoton ya fito a 1969, a 1971 kuma aka fara ba mutane.

Saura ƙiris a yar da shi. Marasa lafiya suna amai irin wanda likitoci ba su saba gani ba, ga ƙoda tana lalacewa. Masu cewa ƙarfe guba ne suka ce ai mun faɗa. Abu biyu suka cece shi. Na farko, Esteban Cvitkovic da abokan aikinsa a asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke New York suka nuna, a kan karnuka tukuna sannan a kan mutane, cewa idan aka cika jiki da ƙarin ruwa aka kuma ba da maganin sa fitsari mai suna manitol, ƙoda tana tsira. Waɗancan ledojin da ka ga ana ratayawa, asalinsu ke nan.

Na biyu shi ne dajin maraina. Cuta ce ta samari, mafi yawa daga shekara 15 zuwa 35, kuma a wancan lokaci idan ta bazu a jiki, da ƙyar mutum ɗaya cikin goma yake tsira. A 1974 wani matashin likita a Jami'ar Indiyana, Lawrence Einhorn, ya haɗa sisfilatin da wasu magunguna biyu, binbilastin da biliyomaisin. Samarin da hoton ƙirjinsu ke cike da ƙari suka dawo bayan 'yan makonni huhu fes. A rahotonsa na 1977, kusan uku cikin kowane huɗu cutar ta ɓace musu gaba ɗaya, kuma mafi yawansu ba ta dawo ba. A Landan kuma Eve Wiltshaw ta asibitin Royal Marsden ta nuna yana taɓa dajin ma'ajiyar ƙwan mace. A Disambar 1978 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Yau, inda ake samun cikakken magani, fiye da tara cikin goma na masu dajin maraina suna warkewa.

To me yake yi a can ciki?

Ka lura, har zuwa 1978 ba wanda zai iya zana maka yadda maganin yake zaune a kan abin da yake kai wa hari. Akwai alamu dai. An riga an san cewa abubuwan da ke mai da bakteriya zarurruka, irin su haskoki masu ƙuna da wasu gubobi, DNA suke taɓawa. A 1970 aka nuna sisfilatin ya fi danne kwafar DNA a kan ƙera furotin. Daga baya aka ga ƙwayoyin halittar da ba su iya gyaran DNA ɗinsu da kyau sun fi saurin mutuwa da shi. Duk yatsu sun nuna wuri ɗaya.

Bari mu tuna yadda DNA take. Igiya ce mai tufka biyu, ko ka ce tsani ne da aka murɗa. A jikin kowace tufka akwai jerin harufa huɗu na sinadarai, A da T da G da C, kuma harafin wannan tufka yana riƙe da abokinsa na ɗaya tufkar: A da T, G da C. Jerin harufan shi ne rubutun da ƙwayar halitta ke karantawa don ta ƙera furotin, shi kuma take kwafa kafin ta rabu. Wajen mita 2 na wannan igiya ke naɗe a cibiyar kusan kowace ƙwayar halittarka. Murɗin ya bar kwari biyu da ke zagaye igiyar, babba da ƙarami, ta nan ne abin da ke waje yake iya kai hannu ga harufan.

Yanzu bi maganin daga jijiya. A cikin jini akwai kulorin da yawa, na gishirin da ke jikinmu. Saboda haka fadawa biyu masu jan rawani ba sa tashi daga kujerunsu, ko ɗaya ya tashi, wani irinsa ne zai zauna. Maganin yana tafiya lafiya lau, bai cika taɓa kowa ba. Wannan ne dalilin da ya sa a ruwan gishiri ake dama shi. Da ya shiga cikin ƙwayar halitta, ko dai ta ratsa fatarta ko ta ƙofar da jan ƙarfe ke shiga (a 2002 aka gano yana bin wannan ƙofar), sai yanayi ya canza. A ciki kulorin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wanda ke jini ba a galibin ƙwayoyi. Sai kulorin ɗaya ya tashi, ruwa ya zauna a kujerarsa. Shi kuwa ruwa baƙo ne mara nauyi, kowa ya zo zai tashe shi. Bugu da ƙari, maganin da da ba shi da caji yanzu ya samu caji mai kyau, ita kuma DNA bayanta cike yake da caji kishiyarsa, sai ta jawo shi.

Filatinam yana da wanda yake so. A jikin harafin G akwai wani naitirojin, na bakwai a lissafin masana, wanda ba ya cikin masu riƙe da abokin zama C. A sake yake, yana leƙowa ta babban kwari, kuma shi ne wurin da ya fi kowane son ƙarfe a duk igiyar. Nan filatinam ke kamawa da hannu ɗaya. Sannan kulorin na biyu ya tashi, hannu na biyu ya nemi abin kamawa.

A nan zaman tabarma ya yi aikinsa. A sisfilatin hannuwan biyu suna gefe ɗaya kamar bakin awartakin maƙeri, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta yi daidai da harufa biyu da ke maƙwabtaka a tufka ɗaya. A tiransfilatin hannu ɗaya na gabas ɗaya na yamma, ba yadda za a yi ya cafke maƙwabta biyu haka. Ga shi kuma da gaggawa: yana saurin kama duk abin da ya tarar a hanya, ya ƙare kafin ya isa. Atam ɗin nan dai su ne, lissafinsu ɗaya, amma ɗaya yana warkar da daji, ɗayan ba shi da amfani a asibiti.

Masana sun yi kuskure a nan na ɗan lokaci, kuma kuskuren mai ma'ana ne. Tsofaffin magungunan daji da aka samo daga iskar gubar yaƙi suna ɗaure tufka ɗaya da ɗayar, igiya ta kasa warwaruwa. Sai aka ɗauka sisfilatin ma haka yake, musamman da aka ga yana yin irin wannan ɗaurin. Sai a tsakiyar shekarun 1980 masu bincike a ƙasar Holan suka daddatsa DNA ɗin da aka sa wa maganin suka ƙirga guntayen. Kusan kashi 65 cikin ɗari G biyu ne maƙwabta a tufka ɗaya, wajen kashi 25 kuma A da G maƙwabta. Ɗaurin da ke ƙetarawa tsakanin tufka biyu 'yan kashi kaɗan ne. Har yau ana muhawara kan nawa ne rabon wannan 'yan kaɗan ɗin a kisan ƙwayar daji, don ɗauri ne mai wuyar kwancewa, amma mafi rinjaye an san shi.

Gani da ido ya zo daga ɗakin gwajin Stephen Lippard a jami'ar MIT. A 1985 suka fitar da siffar filatinam riƙe da G biyu, ta hanyar haska ƙanƙarar sinadarin da hasken eksire. A 1995 suka fitar da siffarsa a kan guntuwar igiya mai tufka biyu, shekara 17 bayan an fara sayar da maganin, shekara 151 bayan Peyrone. Hoton ya nuna harufan da ya kamata su kwanta a jere kamar faranti a kan faranti an jawo su sun karkace, igiyar duka ta lanƙwashe da fiye da digiri 30 zuwa ɓangaren babban kwari, ƙaramin kwarin kuma ya buɗe ya baje.

Wannan gwiwar da aka yi wa igiya ita ce masifar. Injin da ke bin DNA yana karanta rubutu idan ya iso nan sai ya cije, kamar zif ɗin da haƙorinsa ya lanƙwashe. Ƙwayar halitta tana da ma'aikatan gyara, sukan zo su yanke guntun da ya lalace, harufa kusan 30, su cike gurbin ta hanyar duba ɗaya tufkar. Idan gwiwoyin sun fi ƙarfin masu gyara, sai a buga ƙararrawa, ƙwayar ta kashe kanta bisa tsarin da aka gina ta da shi. A 1992 ɗakin Lippard ya ƙara gano wani abu: akwai wasu furotin da aikinsu shi ne zama a kan lanƙwasasshiyar DNA, kuma suna manne wa gwiwar sisfilatin. Ana jin suna rufe ta ne, masu gyara su kasa gani.

Ka ga ke nan maganin ba ya tantance ƙwayar daji da lafiyayya. Yana yi wa kowa rauni ne, wanda ya kasa jinyar kansa ya mutu. Ƙwayoyin dajin maraina suna da ƙarancin wasu daga cikin ma'aikatan gyaran, kuma ƙararrawarsu ta kashe kai tana aiki da sauri, shi ya sa suke narkewa haka. Dajin da ya koyi turjiya kuwa yana rage shigar maganin, ko ya ƙara ma'aikatan gyara, ko ya tara sinadarai masu farar wuta, wato salfa, waɗanda filatinam ke so fiye da naitirojin, su tare shi a hanya. Dama ɗan ƙaramin kaso ne na maganin da ya shiga ƙwaya yake isa ga DNA. Ƙoda da jijiyoyi da cikin kunne suna biyan nasu kuɗin: rashin ji da kan biyo bayan sisfilatin, musamman ga yara, ba ya komawa.

'Ya'ya da jikoki

Kana iya zaton tunda an gane yadda yake aiki, ƙera wanda ya fi shi zai zo da sauƙi. An haɗa dubban 'yan'uwansa an gwada. Biyu kacal suka bi shi zuwa asibitocin duniya baki ɗaya, kuma dukansu an haɗa su tun kafin a ga hoton 1995.

Kabofilatin ya fito daga haɗin gwiwar kamfanin Johnson Matthey da Cibiyar Binciken Daji ta Landan, aka amince da shi a Birtaniya a 1986, a Amurka a 1989. An bar amoniya biyun, aka maye kulorin biyun da wani zobe guda mai riƙe kujeru biyu, wanda ba ya saurin tashi. Maganin ya zama mai haƙuri, ƙoda ta huta, amai ya ragu, sai dai yana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Da yake abin da ke saura a kan DNA iri ɗaya ne da na sisfilatin, dajin da ya turje wa wannan yakan turje wa wancan. Okzalifilatin kuwa Yoshinori Kidani ne ya haɗa shi a Nagoya ta Jafan a 1976, ya jima a ajiye kafin Faransa ta amince da shi a 1996, Amurka a 2002. A nan amoniyar ce aka canza da wani ƙaton zobe, kuma yana aiki a dajin babban hanji, inda sisfilatin bai taɓuka komai ba. Masu shansa sukan ji yatsu da maƙogwaro suna tsira idan suka taɓa abu mai sanyi.

Shekaru ana koyar da cewa bambancin okzalifilatin shi ne ƙaton zoben yana sa gwiwar ta fi wuyar gyara. A 2017 wani bincike daga MIT, da Lippard kansa a cikin marubutan, ya nuna ƙwayoyin da okzalifilatin ya kashe ba sa nuna alamun mutuwar lalacewar DNA irin ta sisfilatin. Abin da ya fi kama da sanadin shi ne rushewar wurin da ƙwaya ke ƙera injinan haɗa furotin. Magani na kama DNA a kwalbar gwaji bai tabbatar da cewa ta nan yake kisa ba. Duk wanda ke karanta rahotannin sababbin haɗe-haɗen ƙarfe ya riƙe wannan, don da yawansu a kan "ya kama DNA" suke tsayawa su yi shelar magani.

Kamu da hannu ba shi ne kaɗai hanyar ba. Tun 1961 Leonard Lerman ya nuna sinadarai masu faɗi kamar faifai suna iya kutsawa tsakanin matakalan tsanin DNA, kamar ka sa takarda a tsakiyar littafi. A 1974 Lippard ya nuna haɗin filatinam mai faffaɗan ɗan rakiya ma yana yin haka. Ɗalibarsa Jacqueline Barton ta ɗauki wannan ta yi nisa da shi. A 1990 ɗakinta ya bayyana wani haɗin ƙarfen ruteniyam da ba ya haske a cikin ruwa, amma da ya kutsa cikin DNA sai ya kama ƙyalli kamar an kunna fitila. Daga baya suka ƙera na ƙarfen rodiyam masu neman inda harufa suka haɗu ba daidai ba su shige nan. Waɗannan sun zama kayan bincike masu daraja, amma ba su zama maganin asibiti ba tukuna. Hanya ta uku ita ce yanka, kuma tana cikin labarinmu tun ɗazu: biliyomaisin ɗin da Einhorn ya haɗa da sisfilatin sai ya kama baƙin ƙarfe a cikin jiki, ya haɗa da iskar oksijin, sannan yake iya datse igiyar DNA. Ashe biyu cikin magunguna ukun nan aikin ƙarfe suke yi.

Na ruteniyam na farko da aka gwada a kan mutane, NAMI-A, ya shiga gwaji a 1999 bai kai labari ba. Satirafilatin, wanda aka so a riƙa haɗiya kamar ƙwayar magani, ya kai gwajin ƙarshe a dajin mafitsarar maza amma bai ƙara wa marasa lafiya tsawon kwana ba, bai samu amincewa ba. Wani na ruteniyam, TLD1433, da ake zubawa a mafitsara sannan a kunna shi da haske don ya yi ɓarna a inda aka haska kawai, ya kai matakin gwaji a kan masu dajin mafitsara.

A ɓangarenmu na duniya, inda sisfilatin ya fi shafar mutane shi ne dajin bakin mahaifa, wanda shi ne na biyu a yawa tsakanin matan Najeriya bayan na nono. A 1999 manyan gwaje-gwaje suka nuna idan aka haɗa shi da gashi, mata sun fi rayuwa a kan gashi kaɗai: gashin yana karya igiyar DNA, filatinam ɗin da ke manne kuma yana dagula gyaran. Tun daga lokacin, ƙaramin awo sau ɗaya a mako tare da gashi ya zama tsarin da ake bi. Sisfilatin da 'yan'uwansa biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma shi kansa ba ya cikin masu tsada. Abin da ke wahala a wurinmu shi ne na'urar gashin da layinta, da gwajin ƙoda kafin kowane zagaye, da zuwa asibiti tun cutar ba ta yi nisa ba. Arhar ma tana da nata haɗarin, don kamfanoni kaɗan ne suka damu da yin sa. A 2023, bayan wata masana'anta guda a Indiya ta dakatar da aiki, asibitocin daji a Amurka sai da suka koma rabon sisfilatin da kabofilatin da lissafi, suna zaɓen wanda za a fara ba.